Hayaƙin Balad da haƙƙin tsofaffin sojojin Amurka

Assalamu alaikum. Abubuwa uku zan faɗa kan dokar PACT, wadda Joe Biden ya sa wa hannu ranar 10 ga Agusta, 2022, don kula da lafiyar tsofaffin sojojin da suka shaƙi guba a bakin aiki. Na baya can, kuna ji na? To, madalla.

Na farko, ramukan ƙona shara. A sansanin Balad da ke Iraƙi, ramin ya kai faɗin eka 10. Duk abin da aka gama da shi can ake jibgewa: robobi, tayoyi, batura, fenti, sharar asibiti. Sai a kwarara man jirgin sama a cinna wuta, tana ci dare da rana. Kun san yadda taya guda ɗaya, in yara suka ƙona ta a unguwa, take shaƙe maƙogwaro har a rufe tagogi. To, soja yana kwana a tanti kusa da wannan wuta wata da watanni.

Ya dawo gida, shekaru suka ja, ciwon huhu ko cutar daji ta kama shi. Ya je ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, sai a ce ya kawo hujja cewa hayaƙin ne sanadi. Jama'a, ina zai samo ta? Hayaƙin da iska ta kwashe tun tuni? Mutum yana tari, yana ramewa, matarsa tana yawo da takardu ofis-ofis. Yawancin masu nema haka aka mayar da su hannu rabbana. Wannan shi ne abin da dokar ta gyara, kuma ina so ku riƙe shi: yanzu in ka yi aiki a wurin a lokacin, kuma ciwonka yana cikin cututtuka sama da 20 da aka lissafa, an ɗauka aikin ne ya jawo. Ba kai za ka kawo hujja ba. Na sake faɗa, ba kai ba! Heath Robinson, sojan jihar Ohayo da dokar ke ɗauke da sunansa, ya rasu a 2020 bai gan ta ba.

Na biyu... kai, lokaci ya tafi, bari in haɗe sauran. Dokar ta ƙara hawan jini cikin cututtukan sojojin Amurka da gubar Agent Orange, maganin kashe tsirrai da aka fesa a yaƙin Biyetnam, ta taɓa, ta kuma buɗe ƙofar ƙara ga waɗanda suka sha gurɓataccen ruwan sansanin soja na Lejeune da ke Amurka daga 1953 zuwa 1987.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya, mutanen ƙauyukan da ke kewaye da Balad fa? Wallahi, Hajiya, kin taɓo inda yake min ciwo. Iska ɗaya suka shaƙa, su da 'ya'yansu, amma dokar ba ta shafe su ba. 'Yan Biyetnam ma sun kai kamfanonin da suka haɗa gubar Agent Orange ƙara a Amurka, kotu ta kori ƙarar a 2005.