Ƙaramin zarto mai batir: me ake dubawa kafin a saya?

ZAINAB: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Zainab, yau ma ina tare da Malam Habu, wanda ya daɗe yana sana'ar kafinta, da Nura mai aikin famfo. Malam, barka da zuwa.

MALAM HABU: Barka kadai, Zainab. Nura, ya aiki?

NURA: Aiki da godiya, Malam.

ZAINAB: Maganar zarto za mu yi, amma ba na hannu ba. Wannan mai batir ɗin da ruwansa ke kai da komo kamar yadda hannun mutum ke yi. Kuma ƙaramin muke nufi, wanda ake riƙewa da hannu ɗaya. Nura, na ga ka shigo da naka. Me ya sa ba ka rabuwa da shi?

NURA: Saboda inda nake aiki babu fili. Ƙarƙashin wurin wanke-wanke, bayan tankin ruwa, cikin silin. Fayif yana manne da bango, zarton hannu ba shi da inda zai yi gaba balle ya dawo. Da wannan kuwa, hannu ɗaya na riƙe fayif, ɗayan na yanka, kafin ki ƙifta ido an gama.

MALAM HABU: Asalinsa ma babba ne, na rushe-rushe. Kamfanin Milwaukee na Amurka ne ya fito da shi a 1951 da sunan Sawzall, mai waya, mai nauyi, sai da hannu biyu. Daga baya aka yi ƙananan, irin Hackzall na shi wannan kamfanin, su Bosch da Makita da DeWalt ma kowa ya yi nasa. Amma bari in faɗi abu ɗaya tun yanzu, don kada wani ya ɓata kuɗinsa. Wannan zarto ba ya yanka mai kyan gani. Duk wanda zai haɗa ƙofa ko teburi, yana son bakin katako ya fito sumul, to ba shi zai nema ba. Aikinsa shi ne raba abu biyu: fayif, reshen bishiya, tsohon katako mai ƙusa, noti da ya yi tsatsa ya ƙi kwancewa.

ZAINAB: To Malam, mutum ya tsaya gaban kaya, ga wani an rubuta 12V, wani 18V, wani 20V. Ai ido kan babbar lamba zai tafi.

MALAM HABU: Nan ake ruɗar mutane. Cikin kowane batir akwai ƙananan ƙwayoyi, kowace tana ba da 3.6V, V ɗin ma'aunin ƙarfin wuta ne. A jera uku, an samu 10.8. A jera biyar, an samu 18. Sai dai idan an cire daga caji yanzu-yanzu, kowace ƙwaya takan kai wajen 4, shi ya sa mai uku ake rubuta masa 12, mai biyar wasu su rubuta 20. Wato mai 18 da mai 20 abu ɗaya ne. Batirin da DeWalt ke sayarwa a Amurka da 20V, a Turai 18V ne a jikinsa.

ZAINAB: Ashe zaɓin biyu ne kawai.

NURA: Biyu ne. Ni kuma ina bayan mai 12. Idan kin wuni hannunki a sama kina yanka cikin silin, nauyi kaɗan ma sai ya zama dutse. Mai 12 siriri ne, yana shiga lungu, kuma fayif ɗin roba ko na jan ƙarfe ba ya ba shi wahala ko kaɗan.

MALAM HABU: Don fayif kake yanka, Nura. Kawo shi gaban katako mai kauri ko ɗanyen reshe ka gani. Akwai lambar da ta fi ta batir muhimmanci, mutane kuma ba sa dubawa: nisan da ruwan ke tafiya a kowace kaiwa. Ƙananan masu 12, wasu milimita 13 ne, wasu 16. Masu 18 na hannu ɗaya sukan kai 19 ko 22. Manyan na hannu biyu kuwa daga 28 zuwa 32.

ZAINAB: Amma kusan duka na ga suna cewa suna kai da komo sau 3,000 a minti.

MALAM HABU: Yauwa, to yi lissafi. Milimita 13 sau 3,000, mita 39 ke nan na haƙori ya bi ta kan katako a minti ɗaya. Milimita 22 sau 3,000, mita 66. Gudu ɗaya, amma aikin ba ɗaya ba. Sannan doguwar tafiya tana fitar da garin katako daga cikin tsagar, gajeriya kuwa sai ta riƙa niƙa shi a wuri guda, ruwan ya yi zafi, haƙoran tsakiya su cinye alhali na gefe ko taɓa su ba a yi ba.

NURA: Wannan na yarda, Malam. Amma gajeriyar tafiya tana da ranarta. Akwai lokacin da na yi aron babba zan yanke fayif a jikin bango. Ina danna kunama, tsinin ruwan ya daki bulo, zarton ya yi baya da ƙarfi ya buge ni a wuyan hannu, ruwan kuma ya lanƙwashe. Kwana biyu ina jin ciwon. Ƙaramin, da gajeren ruwa, bai taɓa yi mini haka ba.

ZAINAB: To wanda ba falamba ba, ba kafinta ba, aikin gida kawai yake yi fa?

MALAM HABU: Ya fara duba abin da yake da shi. In yana da injin huda mai batir, ya sayi zarton wannan kamfanin, mai irin wannan batir, jiki kawai ba caja. Galibi batirin wani kamfani ba ya shiga na wani, kuma batir da caja su ke cin kaso mai yawa na kuɗin. In ba shi da komai, kuma akwai bishiya a gidan, ni mai 18 zan ce.

NURA: Ya kuma duba Ah, wato lambar da ke nuna yawan cajin da batir ke ɗauka. Mai 12 da 2Ah da mai 18 da 2Ah ba wuta ɗaya suka ɗauka ba. Ninka V da Ah ake yi: na farko 10.8 sau 2, wajen 22, na biyu 18 sau 2, 36. Ni ƙanana biyu nake ɗauka maimakon babba ɗaya, ɗaya na caji ɗaya na aiki, hannu kuma bai yi nauyi ba. In da hali a ɗauki injin da ba shi da burushin gawayi, bai cika zafi ba, batir ma ya fi jimawa.

MALAM HABU: Yanzu ku bar ni in zo kan abin da ya fi damuna. Sau nawa mutum ke kawo mini zarto yana cewa ba shi da ƙarfi, in duba in ga ruwan da ya zo cikin kwali ne yake ta fama da shi wata da watanni, da shi katako, da shi ƙarfe? Injin turawa kawai yake yi, haƙori ne ke yanka. A jikin kowane ruwa an rubuta yawan haƙoran da ke cikin inci ɗaya. Na katako wajen 6. Na reshe ya fi haka gwari-gwari, 5 ko ƙasa. Na gama-gari, roba da katako mai ƙusa, 10 zuwa 14. Na ƙarfe 18 zuwa 24. Ƙa'idar ita ce a kowane lokaci haƙora uku aƙalla su kasance kan abin da ake yankawa. Ka sa mai manyan haƙora kan siririn fayif ɗin ƙarfe, sai ya cafke shi ya yi ta jijjiga, haƙoran su karye.

ZAINAB: Shi ruwan ma sai na kamfanin?

MALAM HABU: A'a, nan an huta. Gindin ruwan kusan duka iri ɗaya ne, faɗin rabin inci, na kowane kamfani yana shiga na kowa. Don haka ko injin mai sauƙi ne, a sa masa ruwa mai kyau. Mai haɗin ƙarfe biyu yana lanƙwasa bai karye ba, yana kuma cin ƙusa. Mai haƙoran kabaid, wani haɗi mai tsananin tauri, ya fi tsada, amma shi ke iya ƙarfe mai tauri.

NURA: Tsawo kuma, ga ƙaramin zarto inci 4 ko 6 ya isa. Ya dai ɗara kaurin abin da za a yanka ko da ruwan ya koma baya gaba ɗaya. Ka sa mai inci 12 a ɗan ƙaramin inji, sai wutsiyar ta yi ta kaɗawa.

ZAINAB: Idan mutum ya samu damar riƙe shi kafin ya biya, me zai gwada?

NURA: Ya sa batir a ciki tukuna, don nauyin gaskiya sai da batir. Ya ɗaga sama da kansa na ɗan lokaci. Ya danna kunama a hankali ya ga ko gudun na hawa sannu-sannu, don ƙarfe da gudu kaɗan ake yanka shi, da ɗan ɗigon mai. Ya gwada cire ruwa da mayarwa, ya kamata ya fita da murɗawa ɗaya ba tare da sifana ba. Kuma a juye ma yana shiga, haƙora sama, wannan yana taimako a lungu. Fitilar gaba ma ba ado ba ce ga mai aiki cikin duhu.

MALAM HABU: Sannan wannan ƙarfen na gaba da ruwan ke fitowa ta cikinsa, wanda ake ce wa takalmi. A danna shi jikin abin da ake yankawa, a riƙe haka har a gama. Yawancin jijjigar da ake kuka da ita daga barin takalmi a iska take. Kuma don an ce na hannu ɗaya ne, ba a ce ɗaya hannun ya zauna kusa da haƙori ba. Ƙaramin abu a matse shi a kan benci.

ZAINAB: Bango fa? Na ji ana cewa a yi hattara.

NURA: Sosai. Ba a tura ruwan zarto cikin bango ko silin sai an san abin da ke baya. A kashe wuta, a rufe ruwa, a ɗan buɗe rami a leƙa. A sa tabarau na kariya, garin ƙarfe ba ya wasa da ido. Za a canja ruwan zarto, a fara zare batir, a kuma bar ruwan ya huce, don bayan yankan ƙarfe yana ƙona yatsa. In za a jefa a jaka, a tura makullin kunama.

ZAINAB: Malam Habu, Nura, mun gode. Masu sauraro, sai mun haɗu a shiri na gaba.

MALAM HABU: Allah ya kai mu.