Wata dattijuwa ta haɗa inji da gorar ruwa a wurin aikinmu a Japan

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Ko kayan aiki ban cire ba na kunna kyamara, don wallahi abin da na gani yau ba zai kwana a cikina ba.

Kun san a jihar Aichi nake, kusa da Nagoya, a wani ƙaramin kamfani da ke buga ƙarafan kujerar mota. To, akwai wata dattijuwa a layinmu, sa'ar gwaggona. Aikinta ta ɗebi ƙarfe daga akwati ta sa a inji, in akwatin ya ƙare ta duƙa ta ajiye fanko a ƙasa, ta jawo cikakke. Haka take yi yini guda, duƙa, miƙe, duƙa, miƙe. Da safen nan na tarar ta haɗa wata 'yar kanta da bututu da ƙananan tayoyi, a karkace. A gefe ga igiya ta bi ta kan ƙaramar taya, a ƙarshenta an rataye gorar ruwa ta lita biyu cike da yashi. In akwati ya ƙare, sai ta taka wani katako da ƙafa. Farantin da akwatin ke kai ya sunkuya, fankon ya zame ta ƙasa ya tafi abinsa, nauyin gorar ya dawo da farantin sama, cikakken akwati ya gangaro gabanta. Ba wuta, ba batir, ba kwamfuta. Karakuri suke kiran irin wannan haɗi.

Abin da ya ƙara kashe ni da mamaki shi ne shugaban sashe. Ya zo da agogonsa ya auna, ya ce an rage daƙiƙa huɗu a kowane akwati. Daƙiƙa huɗu fa! Amma mutumin nan ya tara mu, ya rusuna mata, aka tafa. Takardar shawarar da ta cike yen 500 kacal ake ba mutum a kanta. Ita kuwa bayanta ne ya huta, murnarta ke nan.

Wannan ita ce kaizen ɗin da kuke ji, wato ɗabi'ar Japanawa ta gyara aiki kaɗan-kaɗan kullum. Wanda hannunsa ke kan aiki shi ya san inda ke ciwo, don haka shi ake tambaya. Kuma abin ya daɗe a yankin nan. Toyota ta fara karɓar shawarwarin ma'aikatanta a hukumance tun 1951. Kafin mota ma, masaƙa ce sana'ar gidan Toyoda da suka kafa kamfanin. Sakichi Toyoda ya ƙera injin saƙa a 1924 wanda in zare ɗaya ya tsinke yake tsayawa da kansa, don kada ya ci gaba da saƙa ɓataccen yadi. A 1929 wani kamfanin Ingila, Platt Brothers, ya sayi haƙƙin ƙera shi a kan fam 100,000. Na gan shi da idona a gidan tarihinsu na Nagoya, har yanzu suna kunna shi. Ma'aikaciyar wurin ta tsinke zaren da gangan, injin ya yi tsit nan take. Ni ɗan Kaduna ne, na tashi ina jin jiniyar masaƙun Kakuri, kuma Arewa Textiles ma da hannun Japanawa aka kafa ta a shekarun 1960. Tsayuwa a gaban injin nan sai da ta sa zuciyata ta yi nauyi, ba zan ɓoye muku ba.

Daga dabarar zaren nan aka samo igiyar da ke rataye a kan layi. In ka ga matsala ka ja, fitila ta kama, shugaba ya rugo. In ba a gyara nan da nan ba, layin ya tsaya. Ba wanda zai zage ka. Amma fa ka shirya wa tambaya, don Taiichi Ohno, wanda ya gina tsarin aikin Toyota, ya bar musu ɗabi'ar tambayar dalili sau biyar. Me ya sa inji ya tsaya? Fis ya ƙone. Me ya sa ya ƙone? Nauyi ya yi masa yawa. Me ya sa? Mai bai isa ba. Haka za a yi ta tonowa har a gano cewa ashe ba rariya a bakin famfon mai, garin ƙarfe ke shiga. Canza fis ba ya burge kowa a nan.

Kuma kada wani ya ce min basira ce suka fi mu. Ku je Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna, ku ga abin da yaranmu ke ƙerawa da ƙarafan da aka zubar, injin niƙa, injin sussuka, murhu, komai. Wannan kanta ta dattijuwa, maƙerin Panteka zai haɗa ta kafin la'asar yana hira. Abin da ya bambanta, ita an ɗauki hoton nata, an rubuta, an liƙa a allo, mako mai zuwa sauran layuka za su kwaikwaya. Namu kuwa in maigida ya rasu, sau da yawa dabarar ta bi shi.

Yanzu ga gargaɗina ga masu damuna da saƙo suna son zuwa. Daƙiƙa huɗun nan da aka rage, kada ka ɗauka naka ne ka huta. In sun taru, wani aikin za a ƙara maka a gurbinsu. A kamfaninmu kowane wata sai ka miƙa takardar shawara, ko kana da ita ko ba ka da ita, kuma da Japananci. Akwai watan da za ka zauna kana kallon kwandon shara kana tunanin ko matsar da shi taku biyu zai shiga lissafi. Yana shiga kuwa. Sannan kayan aiki, kowanne an zana siffarsa a jikin allo, in sifana ba ta kan zanenta kowa ya gani. Masu ajiye abu inda suka ga dama, ku gyara hali tun daga gida. Ga hayar ɗaki yen dubu 45, ga naman halal da sai na hau jirgin ƙasa zuwa wajen masallacin Nagoya nake samowa daskararre, ga ba daddawa. Af, wanda zai taho daga gida, don Allah kuka da yaji.

Ni ma ban zauna haka ba. Teburin da nake aiki a kai an yi shi ne daidai tsayinsu, ni kuwa kun san Allah ya ba ni tsawo, kullum a ranƙwafe nake. Na zana ƙafafun da ake ɗagawa a sauke da fil guda, yadda abokin aikina na dare zai mayar da shi daidai nasa tsayin. Shugaban ya daɗe yana kallon zanen, ya ce in zo da awo ranar Litinin mu gwada a ɗakin gyara. In an amince zan ɗauko muku bidiyonsa, in dai sun bar ni na shiga da waya, don a cikin masana'anta ba sa wasa da ɗaukar hoto.