Yadda ake ƙiyasta yawan 'yan Najeriya kowace shekara

Assalamu alaikum. Jama'a, adadin 'yan Najeriya da kuke ji a rediyo duk shekara ƙiyasi ne, ba wanda ya bi gida-gida ya ƙirga. Rabon Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da yin ƙidaya tun watan Maris na 2006, inda ta samu mutum 140,431,790. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Duk lissafin da ya biyo baya a kan wancan harsashi aka ɗora shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce a riƙa ƙara wani kaso kowace shekara, kamar 3.2 cikin ɗari da aka samo tsakanin ƙidayar 1991 da ta 2006. Ku buga lissafin da kanku: zuwa 2024, kaso 3.2 zai ba ku kusan miliyan 247, kaso 2.5 kuwa kusan miliyan 219. Bambancin miliyan 28 ke nan, a kan zato ɗaya tak.

Shi ya sa masana suka fi yarda da bin mutane rukuni-rukuni. A ware maza da mata, a kasa su bisa shekaru biyar-biyar. Kafin nan sai an gyara shekarun, domin in ka tambayi dattijuwa za ta ce maka hamsin ko sittin, ba ta cewa 53, sai jama'a su cunkushe a lambobin da ke ƙarewa da 0 da 5. Sannan a matsar da kowane rukuni gaba, a cire waɗanda suka rasu, a ƙara jarirai gwargwadon yawan mata 'yan 15 zuwa 49, a daidaita masu shigowa da masu fita.

A nan gizo ke saƙar. Rajistar haihuwa ba ta cika ba, ta mutuwa ma ta fi rauni, don mu kan binne mamaci ranar da ya rasu ba tare da takarda ba. Dole a jingina da binciken gidaje, irin na lafiya da yawan jama'a na 2018, wanda ya nuna haihuwa 5.3 ga kowace mace.

Ƙaura ta fi komai wuyar kamawa. A 2006 Babban Birnin Tarayya mutum 1,406,239 ne. Amma wanda yake wuni a kasuwar Wuse ya kwana a Mararaba, a lissafi na jihar Nasarawa ne, alhali hanya da asibitin Abuja yake amfani da su. Ƙiyasin jiha da na ƙaramar hukuma ya fi na ƙasa baki ɗaya saurin kaucewa saboda haka.

Duk ranar da aka yi sabuwar ƙidaya, dole a koma baya a gyara ƙiyasin kowace shekara tun daga 2007.