Baƙin yashi da farin yashi: yadda teku ke cin gaɓar tsibiran Hawai

Baƙin yashin da ke gaɓar Pohoiki, a kudu maso gabashin babban tsibirin Hawai na ƙasar Amurka, bai wanzu ba kafin shekarar 2018. A wannan shekarar ce dutsen Kilauea ya yi aman wuta na tsawon watanni, narkakken dutse ya kwarara har cikin teku, ya cike gaɓar Kapoho gaba ɗaya, ya kuma ƙara wa tsibirin sabuwar ƙasa da ta kai kusan eka 875. Idan narkakken dutse mai tsananin zafi ya faɗa cikin ruwan sanyi, tarwatsewa yake yi kamar gilashi, sai igiyar ruwa ta niƙa ɓarɓashin ta tara shi a bakin teku.

To amma irin wannan yashi ba shi da maɓulɓula mai ɗorewa. Da zarar aman wuta ya tsaya, abin da ya rage kawai shi ne abin da teku zai ci gaba da kwashewa a hankali, shekara bayan shekara. Sabuwar ƙasar ma ba abin dogaro ba ce, domin tana zaune ne a kan tarkacen duwatsu marasa ƙarfi. A ranar ƙarshe ta shekarar 2016, wani yanki na irin wannan sabuwar ƙasa mai faɗin kusan eka 26 a Kamokuna, a gaɓar wannan tsibiri, ya ruguzo cikin teku cikin 'yan sa'o'i.

Farin yashin da ake gani a tsofaffin tsibirai irin su Oahu da Kauai kuwa daga halittu masu rai yake fitowa: murjani, ɓawon dodon koɗi na teku, da ƙananan halittu masu ɓawo da ido ba ya iya gani sosai. Har wani kifi mai baki kamar na aku yana kankare murjani da haƙoransa, ya fitar da shi a matsayin yashi. Saboda haka lafiyar gaɓa tana rataye ne da lafiyar murjanin da ke gabanta, wanda kuma shi ne ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso tudu.

Wani bincike da hukumar nazarin ƙasa ta Amurka ta fitar a shekarar 2012 ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na gaɓoɓin yashi a Kauai da Oahu da Maui suna zaizayewa, kuma Maui ce ta fi shan wahala. Ruwan teku yana ƙaruwa, babban tsibirin kuma yana nitsewa da 'yan milimita a kowace shekara saboda nauyin duwatsunsa.

Abin da ya fi ban takaici shi ne rawar da mutane suka taka. A ɗabi'arta, gaɓar yashi tana matsawa cikin tudu ne idan ruwa ya ƙaru, tana ɗibar yashin da ke bayanta. Mai gida a bakin teku ya gina katangar siminti don ya kare filinsa, sai gaɓar ta rasa wurin matsawa, igiyar ruwa ta riƙa dukan katangar tana komawa da yashin da ke gindinta har ya ƙare. Wannan ne ya sa jihar Hawai ta kafa doka a shekarar 2020 da ta hana gina sababbin katangu a gaɓoɓin yashi, sai dai dokar ba ta hana wani gida a arewacin Oahu zamewa kan yashi a watan Fabrairun 2022 ba.