Ƙarin albashi yana korar ma'aikata? Yadda aka auna a New Jersey

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa.

Duk ranar da aka tayar da maganar ƙara mafi ƙarancin albashi, gardamar ba ta canzawa. 'Yan ƙwadago su ce albashi ba ya kai tsakiyar wata. Masu kamfanoni su ce in aka tilasta musu ƙari, sai dai su rage ma'aikata. Kowa da hujjarsa, kowa kuma yana rantsuwa. To ta yaya za a gane inda gaskiya take? Yau za mu je Amurka, mu koma shekarar 1992, mu ga yadda malaman jami'a biyu suka bar gardama suka shiga ƙirga.

Bari mu fara da abin da aka daɗe ana koyarwa a ajin tattalin arziki. Mai kamfani yana ɗaukar ma'aikaci ne muddin abin da ma'aikacin zai ƙara masa ya fi abin da zai biya shi. Ku ɗauki gidan burodi a misali. Ma'aikaci na farko da na biyu suna ƙara burodi mai yawa, domin tanda tana zaune babu mai kula da ita. Da an kai na goma, na sha ɗaya, tanda dai ɗaya ce, wuri ya cushe, abin da kowane sabon hannu yake ƙarawa sai raguwa yake yi. Mai gidan zai tsaya a inda ƙarin da ma'aikaci na ƙarshe yake kawowa ya yi daidai da ladansa. Idan doka ta ɗaga ladan, wannan na ƙarshen ya zama asara, sai a sallame shi. Lissafin a takarda ba shi da wata makusa, kuma shekaru da dama yawancin masana sun yarda da shi.

Matsalar ita ce gwadawa. Wani zai ce ai abu ne mai sauƙi: a ƙirga ma'aikata kafin ƙarin, a sake ƙirgawa bayansa. Amma ku tuna da manomin da ya sa taki a gonarsa bana, ya sami buhu goma sama da na bara. Takin ne ya yi aiki, ko kuwa damina ce ta yi albarka? Ba zai sani ba sai ya leƙa gonar maƙwabcinsa da bai sa taki ba. Idan maƙwabcin ma ya sami ƙarin buhu takwas, to ruwan sama ne ya ba su takwas ɗin, rabon taki buhu biyu ne kawai. Ku riƙe wannan misali, domin duk bidiyon nan a kansa aka gina shi.

Ku dubi taswirar da ke gabanku. Wannan jihar New Jersey ce, wannan kuma Pennsylvania, kogin Delaware ne ya raba su. A ranar 1 ga Afrilu, 1992, New Jersey ta ɗaga mafi ƙarancin lada daga dala 4.25 zuwa dala 5.05 a kowace awa, ƙarin kusan kashi 19 cikin ɗari ke nan. Pennsylvania ta tsaya a dala 4.25. An yi dokar ne tun 1990, kuma kafin ta fara aiki tattalin arzikin yankin ya shiga mawuyacin hali, saboda haka masu tsoron rasa ayyuka suna da dalilin tsoro.

David Card da Alan Krueger, dukansu a Jami'ar Princeton da ke cikin New Jersey ɗin, suka ga gona biyu a gabansu, ɗaya da taki, ɗaya babu. Sai suka zaɓi gidajen abinci irin na saya-ka-wuce: Burger King, KFC, Wendy's da Roy Rogers. Zaɓin nan akwai hikima a cikinsa. Irin waɗannan wurare ne suka fi ɗaukar masu ƙaramin lada, suna bin doka, abincin da suke sayarwa iri ɗaya ne a kowane reshe, kuma ma'aikatansu ba su dogara da ihsanin masu cin abinci ba, don haka ladan da aka faɗa shi ne ladan. Aka buga waya zuwa gidaje 410, guda 331 a New Jersey, 79 a gabashin Pennsylvania. Zagaye na farko a watannin Fabrairu da Maris, kafin ƙarin. Zagaye na biyu a Nuwamba da Disamba, wata bakwai zuwa takwas bayansa.

Akwai wata 'yar dabara a ƙirgar. Da yawa daga cikin ma'aikatan nan ba cikakken lokaci suke yi ba, don haka aka lissafa kowane mai aikin ɗan lokaci a matsayin rabin mai cikakken lokaci. Shi ya sa za ku ga lambobi da ɗigo, ba wai an raba mutum biyu ba ne.

Ga alƙaluman a kan allo, lambobi huɗu. A Pennsylvania, kafin ƙarin, matsakaicin ma'aikata a kowane gidan abinci 23.33 ne. Bayan ƙarin ya sauko zuwa 21.17. An sami raguwar 2.16, alhali babu wanda ya taɓa albashi a can. Wannan ita ce daminar, wato halin da kasuwa ta shiga. A New Jersey kuwa, daga 20.44 ya koma 21.03, ƙarin 0.59.

Yanzu ku lura da kyau. Da New Jersey ba ta yi doka ba, abin da ya fi kusa da hankali shi ne ita ma ta ragu kamar maƙwabciyarta, da 2.16. Ba ta ragu ba, ta ma ƙaru da 0.59. Ku haɗa biyun, za ku sami 2.75. An ɗauki bambancin kafin da bayan a kowace jiha, sannan an ɗauki bambancin da ke tsakanin bambance-bambancen biyu. Shi ya sa ake kiran hanyar da bambancin bambanci. Raguwar ayyukan da lissafin aji ya ce dole a gani, ba a gan ta ba.

Ba su tsaya nan ba, kuma wannan mataki na biyu shi ne ya fi burge ni. A cikin New Jersey kanta akwai gidajen da tun asali suke biyan dala 5 ko fiye, waɗanda dokar ba ta taɓa su ba sosai, akwai kuma masu biyan 4.25 da dole suka ƙara. Jiha ɗaya, haraji ɗaya, yanayi ɗaya. Idan ƙarin albashi ne ke korar ma'aikata, masu biyan 4.25 ya kamata su fi raguwa. Sai aka ga akasin haka: gidajen da dokar ba ta shafa ba ne suka ragu, kusan irin raguwar Pennsylvania, waɗanda aka tilasta wa ƙarin kuwa ba su ragu ba. Ma'auni biyu daban sun nuna abu ɗaya.

To kuɗin ƙarin daga ina ya fito? Ruwa ba ya tsami banza, dole wani ya biya. Sun tambayi farashin cikakken abinci, wato babban abincin da soyayyen dankali da lemo, suka ga a New Jersey ya tashi da kusan kashi 4 cikin ɗari fiye da na Pennsylvania. Ku yi lissafin da kanku. Albashi wani yanki ne kawai na kuɗin da gidan abinci yake kashewa, akwai nama, akwai mai, akwai haya, akwai wuta, kuma ba kowane ma'aikaci ƙarin ya shafa ba. Saboda haka ƙarin kashi 19 a mafi ƙarancin lada yana iya zama ƙarin kashi kaɗan a jimillar kuɗin samar da abincin, wanda mai saye zai ɗauka ba tare da ya daina zuwa ba.

Amma tashin farashi kaɗai ba zai bayyana yadda ayyuka za su ƙi raguwa ba. A nan ne wata tsohuwar fahimta take shigowa, wadda masaniyar tattalin arziki ta Ingila, Joan Robinson, ta yi bayani a 1933: halin da mai ɗaukar aiki yake da ikon tsayar da lada, domin ma'aikata ba su da wuraren zuwa da yawa. Mu koma gidan burodinmu, mu sa lambobi na misali. Yana da ma'aikata 10, kowa naira 2,000 a rana. Yana son na sha ɗaya, amma babu mai zuwa sai a 2,200. Ba zai iya ba sabo 2,200 ya bar tsofaffi a 2,000 ba, rigima za ta tashi, dole ya ƙara wa kowa. Ainihin kuɗin ɗaukar na sha ɗayan ya zama 2,200 nasa, da 200 sau goma na sauran, jimilla 4,200. Idan abin da zai ƙara wa gidan 3,500 ne, mai gida zai haƙura, ya bar gurbin a buɗe. Yanzu doka ta zo ta ce kowa 2,500. Ƙarin tsofaffin ya riga ya zama dole, ba ya cikin lissafin ɗaukar sabo. Sabon ma'aikaci yanzu 2,500 ne kawai, yana kawo 3,500. Sai a ɗauke shi. Ribar mai gida ta ragu, amma ma'aikata sun ƙaru. Ku lura kuma da iyakar abin: da doka ta ce 4,000, ya wuce 3,500, ba za a ɗauke shi ba, wataƙila ma a sallami wasu. Girman ƙarin yana da muhimmanci ƙwarai.

Da binciken ya fito a mujallar American Economic Review a 1994, ƙura ta tashi. Wasu masana tattalin arziki biyu, David Neumark da William Wascher, suka ce amsar da manaja zai bayar ta waya, yana tsakiyar aiki, ba abin dogaro ba ce. Suka tattara takardun biyan albashi daga wasu gidajen abinci na yankin, suka ce su raguwar aiki suka gani a New Jersey. Card da Krueger suka koma ga bayanan da hukumar ƙididdigar ƙwadago ta gwamnatin Amurka take tarawa daga kamfanoni, suka buga amsarsu a shekarar 2000: tasirin ƙarin a kan yawan ayyuka kaɗan ne ƙwarai, ko ma babu. A ganina sukar tana da amfani, domin ta sa an sassauta magana. Wancan 2.75 ɗin bai kamata a riƙe shi kamar nassi ba, gidaje 79 na Pennsylvania ba su da yawa, kuma yawancin bambancin daga raguwarsu ya fito. Dukan hanyar ta rataya ne a kan zaton cewa jihohin biyu da tare za su tafi in babu dokar. In wannan zato ya karye, lissafin ma ya karye. Abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne: ƙari matsakaici irin wannan bai jawo asarar ayyukan da aka yi ta tsoro ba.

A 2021 aka ba David Card rabin lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki, Joshua Angrist da Guido Imbens suka raba ɗaya rabin. Alan Krueger bai ga ranar ba, ya rasu a 2019.

Na san abin da wasunku suke tambaya: to mu fa a Najeriya? A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, daga 30,000 da aka sa a 2019. Kada wani ya ɗauko sakamakon New Jersey ya ɗora a nan kai tsaye. Can ƙarin kashi 19 ne, nan ya haura kashi 130. Amma kuma a lokacin da aka yi namu, hauhawar farashi ta wuce kashi 30 a shekara, don haka kafin a ce komai sai an raba albashin da farashin kaya, a ga mudu nawa na shinkafa 30,000 take saye a 2019, nawa 70,000 take saye yanzu. Sannan mafi yawan masu neman abinci a ƙasar nan ba albashi suke ɗauka ba, suna gona, suna kasuwa, suna sana'ar hannu, dokar ba ta kai gare su.

Abin da za mu iya ara shi ne hanyar. Dokarmu ta tarayya ce, babu wata jiha da za ta zama mana Pennsylvania. Amma dokar ta ware wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Ke nan masana'anta mai mutum 23 da mai mutum 27, a unguwa ɗaya a Sharaɗa ko Bompai da ke Kano, suna sayen dizal a farashi ɗaya, suna fama da wutar lantarki iri ɗaya, amma ɗaya doka ta hau kanta, ɗaya ba ta hau ba. Gonakinmu biyu ke nan. Gyaran da aka yi wa dokar a 2024 ya ce a riƙa duba albashin duk shekara uku maimakon biyar, saboda haka wani ƙarin yana tafe. Card da Krueger sun iya lissafinsu ne saboda sun buga wayar farko a watan Fabrairu, tun dokar ba ta fara aiki ba. Ɗaliban tattalin arziki da ke kallonmu daga Kano, Zariya ko Sakkwato, mai son yin irin wannan aiki sai ya fara zagaya masana'antun tun yanzu, ya rubuta yawan ma'aikata, da ladansu, da awannin aikinsu, da farashin kayan da suke fitarwa, ya ajiye har ranar da za a sanar da sabon albashi.