Baba Fasto, wa ke riƙe da satinka?

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji 'yan'uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Bidiyon yau na masu aikin ikilisiya ne, fasto, rabaran, mai bishara, dattijo, shugabar zumuntar mata, shugaban matasa, duk wanda dai wayarsa ba ta hutawa saboda aikin coci. Maganar lokaci za mu yi, da abin da ya kamata ya riga wani shiga.

Mu fara da ɗan lissafi. Sati ɗaya awa 168 ne, ko babban coci kake riƙe da shi a Jos ko ƙaramar majami'a a ƙauye bayan Biu, daidai aka ba ku. Cire barci awa 7 kullum, saura 119. To ina suke zuwa? Talata mitin ɗin dattawa wanda aka ce ƙarfe 4 amma sai biyar da rabi ake buɗewa da addu'a, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis mata suna so ka leƙo ka yi musu gargaɗi, Asabar ɗaurin aure, a tsakani an yi rasuwa, wani yana asibiti, miji da mata sun kwana suna faɗa an ce sai kai za su saurara, ga takarda daga DCC ko RCC, wato majalisar ikilisiyoyin gunduma ko ta yanki, cewa a hallara gobe ba fashi. Shi kuma wa'azin Lahadi sai daren Asabar ƙarfe 11, an ɗauke wuta, ana haska Littafi Mai Tsarki da tocilar waya. Kuma kar mu ruɗi kanmu, jama'a suna ganewa. Tun daga minti biyar na farko sun san ɗumamen wa'azin bara ne.

Ka lura da wanda ya sha kashi a wannan satin. Wa'azi, addu'arka kai kaɗai, iyalinka, hutunka. Me ya haɗa su? Ba ɗayansu da ke buga maka waya ko ya tsaya a ƙofar gida yana sallama, shi ya sa kullum su ake turawa gobe.

A watan Agustan 1954 shugaban Amurka Eisenhower ya yi jawabi a babban taron Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya a garin Evanston, ya kawo maganar wani tsohon shugaban kwaleji da ya ce matsalolinsa iri biyu ne, masu gaggawa da masu muhimmanci, kuma masu gaggawar ba su da muhimmanci, masu muhimmancin ba sa zuwa da gaggawa. Yau a ofisoshi da kamfanoni ake ta koyar da wannan rabon, amma a gaban shugabannin coci aka faɗe shi. Ni dai a aikinmu ba zan ce duk mai gaggawa ba shi da muhimmanci ba, wanda ke bakin mutuwa a asibiti yana da duka biyun, ka ajiye komai ka tafi. Amma yawancin kiran da ke shigowa ba irin wannan ba ne. Makullin sito ne ya ɓace, ko kujerun haya ba su iso ba.

Saboda haka duk aikin da ya zo, tambaya ɗaya za ka yi masa, shin ni kaɗai ne zan iya yin wannan? Nan ne ake samun matsala, don da yawa cikinmu muna jin daɗin a ce komai sai Baba ya zo. Ka buɗe Fitowa sura 18. Musa zaune yana shari'a, mutane tsaye kewaye da shi tun safe har yamma, surukinsa Yetro ya duba ya ce masa abin nan da kake yi ba shi da kyau, za ka gajiyar da kanka da jama'ar duka. Ka ji fa, har da jama'ar. Fasto mai riƙe komai a hannunsa ba kansa kaɗai yake wahalarwa ba, layi yake tarawa. Shawarar ita ce a naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin, na goma, ƙananan maganganu su ƙare a wurinsu, manya su iso gun Musa.

Haka a Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni ya tashi a kan rabon abinci, ana tsallake gwauraye na ɓangaren masu jin Helenanci. Rikici ne na gaske mai iya tsaga ikilisiya, manzanni ba su raina shi ba, amma kuma ba su ɗauki ludayi da kansu ba. Aka zaɓi mutum 7, cikinsu har da Istifanas da Filibus, su kuma suka tsaya kan addu'a da hidimar Maganar. Kuma ka ga ba bara-gurbi aka ba aikin ba, mutane ne masu shaida mai kyau. In za ka miƙa aiki ka miƙa shi ga wanda zai iya, ka ba shi har da ikon yanke shawara da kuɗin da zai kashe, ba wai ka ce dattijo ya je gaisuwar mara lafiya sannan da yamma kai ma ka hau mashin ka bi sawunsa ba. In ka yi haka sau biyu, jama'a za su ɗauka zuwan dattijo ba zuwa ba ne.

To yanzu a aikace. Ranar Lahadi da yamma ko Litinin da safe ka ɗauki kalanda, ta waya ko ta takarda duk ɗaya. Abin da za ka fara rubutawa shi ne waɗancan marasa ihu. Safiya biyu na shirin wa'azi, misali Talata da Alhamis daga 8 zuwa 11, waya a kashe, in gidan fasto a harabar coci yake mutane ba sa bari ka nemi wani ɗaki a wani wuri. Sai ranar hutu guda, sai yammacin da yake na Mama da yara. Bulus ya gaya wa Timoti cewa wanda bai iya riƙe gidansa ba ta yaya zai kula da ikilisiyar Allah, don haka wannan yammacin ma aiki ne, ba sata ka yi ba. Bayan su sai ka sa lokacin ganin jama'a, a sanar a sujada kowa ya ji. Kuma kar ka cika kalandar fal, bar fili, domin rasuwa ba ta neman izini, wanda ya cika satinsa maƙil jana'iza ɗaya ta isa ta rushe masa komai.

Mitin kuma, a rubuta ajanda, a sa lokacin tashi kamar yadda aka sa na farawa. A fara da waɗanda suka zo, sati uku ka yi haka za ka ga masu latti sun gyara.

Wanda ya fi wuya shi ne cewa a'a, don mu mutane ne masu kunya da kara. Babba ya gayyace ka wa'azi a rana ɗaya da taron cocinka, sai ka ce to Baba, alhali ka san taura biyu ba ta taunuwa, ƙarshe ka je can a makare ka dawo nan an tashi. Nehemiya sau 4 Sanballat da Geshem suna aiko masa ya sauko su gana a filin Ono, amsa ɗaya yake mayarwa, yana kan babban aiki ba zai iya saukowa ba. Su maƙiya ne, naka masu kiran masoya ne, don haka ka tausasa harshe, Baba na gode da girmamawa, ranar ba zan samu ba amma ga wata rana, ko ga wanda zan turo.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyi da ba albashin coci kuke ci ba, malama ce da safe shugabar zumunta da yamma, ku ma haka. A duba shekara gaba ɗaya tun Janairu, kar a ɗora babban taro a tsakiyar damina lokacin da kowa yana gona, kar kuma kowace ƙungiya ta tara nata shirin a Disamba.

In ka gama tsara naka, kar ka fara aiki da shi a ɓoye, za a ce fasto ya fara girman kai. Kai shi mitin ɗin dattawa na gaba, a tattauna, a sa a minit, sakatare ya karanta a sanarwa, da sunan dattijon da za a kira a ranakun da wayarka take kashe.