Kwamfuta za ta iya gane kumburin hanji daga bayan gida?

Mutum yana fama da gudawa wata da watanni, wani lokaci da jini da majina, ciki na murɗa masa, jiki na ramewa. An ba shi maganin atini, an ba shi na tsutsar ciki, abin ya lafa kwana biyu ya dawo. Daga cikin abin da likita zai zarga akwai kumburin hanji mai daɗewa, inda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi hanjin mai ita. Kala biyu ne manya: gyambon babban hanji, da cutar Crohn, wadda ta samu suna daga likitan Amurka Burrill Crohn da ya bayyana ta a 1932. An ƙiyasta masu ɗauke da su a duniya sun kai miliyan 6.8 a 2017.

Kafin a tabbatar, sai an zura siririyar kyamara ta dubura an leƙa hanji, a ɗan gutsuro tsoka a duba. Ga tsada, ga wankin ciki, ga jiran layi. Shi ya sa masana suka ce, to me zai hana a tambayi mazauna hanjin su kansu?

Jikin babban mutum na ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, akasarinsu a babban hanji, kuma yawancinsu ba cutarwa suke yi ba. Ku ɗauki misalin ɗaya daga cikinsu, sunanta Faecalibacterium prausnitzii. Tana sarrafa harzar abincin da cikinmu ya kasa narkarwa, ta fitar da sinadarin butiret, wanda shi ne abincin bangon hanji. A jikin masu cutar Crohn an sha ganin ta ragu, dangin wata bakteriya mai suna E. coli kuma sun yi yawa.

Ga yadda aikin yake. A karɓi ɗan bayan gida, a ciro DNA, wato sinadarin gadon halitta, na bakteriyar da ke ciki, a karanta wani yanki da ake kira 16S, wanda kowace bakteriya ke da irin nata. Sakamakon doguwar ƙidaya ce: wannan iri kashi kaza, wancan kashi kaza, ɗaruruwan iri. Idon mutum ba zai tsinci komai a wannan tulin lambobi ba. Sai a ba kwamfuta ƙidayar mutane masu yawa, a gaya mata wane ne mai cutar, wane ne lafiyayye, ita ta nemo bambancin da kanta. Dabarar da aka fi yawan amfani da ita tana gina ɗaruruwan ƙananan alƙalai, kowanne na duba wani ɓangare na bayanan ya kaɗa ƙuri'a, a bi mafi rinjaye. Daga nan a kawo mata mutanen da ba ta taɓa gani ba, a ga ko za ta ci jarrabawa.

Sau da yawa tana ci. Amma a nan nake so ku tsaya da ni, don nan ne gizo ke saƙa.

Mai ciwon hanji ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya sauya cimarsa, gudawa kuma ita kanta tana birkita ƙidayar. Kwamfuta ba ruwanta da dalili. Idan ta ga alamar magani a jikin duk marasa lafiya, ita za ta riƙe, kamar ɗalibin da ya haddace amsa bai fahimci darasi ba. Har injin da aka yi gwajin da shi da yadda aka adana samfurin suna barin tabo. Shi ya sa wani binciken 2014 yake da daraja: an duba yara 447 da aka gano musu cutar Crohn tun kafin a fara yi musu magani. Abin da ya fito bai yi wa masu son hanya mai sauƙi daɗi ba, domin tsokar da aka gutsuro daga hanji ta fi bayan gida nuna cutar.

Sannan bayanan na waye? Wani nazari na 2022 ya gano sama da kashi 70 cikin 100 na samfuran bakteriyar jikin mutum da aka san asalinsu daga Turai da Amurka da Kanada suka fito. Cima ta bambanta, mazauna hanji ma haka. Kuma bambanta mai ciwo da lafiyayye ba shi ne babban aikin likita ba, ai lafiyayye ba ya zuwa asibiti da gudawar jini. Aikin shi ne raba cutar Crohn da tarin fuka na hanji, waɗanda ke kama da juna matuƙa. Idan aka kuskure aka ba mai tarin fuka maganin danne garkuwar jiki, ciwonsa zai ƙara bazuwa.

A yau akwai gwajin bayan gida mai suna kalfurotektin da likitoci ke yi don sanin ko akwai kumburi. Duk wata manhajar bakteriya sai ta nuna ta fi shi, a asibitocin da ba a horar da ita da bayanansu ba, kafin likita ya dogara da ita wajen zaɓar wanda za a fara yi wa kyamara.